Yaya, Wai Ruwa Yana Fasa Ƙarfe?

Hunturu ya shigo Madawa. In ka fito alwala da asuba, ruwan buta sai ya sare ka a hannu kamar reza, yara kuma su iso lakwal fuska fari fat, leɓe a tsage, kowa ya cusa hannuwa a hammata. Masu albasa a fadamar Tarka sun fi kowa sanin wannan lokaci, don su ke shiga ruwa tun rana ba ta ɓullo ba, suna jan tiyo daga fangali zuwa fangali. Duk da haka ban taɓa jin wanda ya wayi gari a Madawa, ko Buza, ko Keita, ya tarar ruwan randarsa ya daskare ba. Sanyinmu cizo kawai yake yi. Ko a tsakiyar Janairu da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10.

Shi ya sa na ɗauki shekaru ina koyar da wani darasi da rabin zuciya, ina ganin ba namu ba ne, na mutanen Faransa ne da suka rubuta littafin. Sai da darasin nan ya cinye wa gidanmu gumin wata biyu sannan na dawo cikin hankalina. Labarin nake so in ba ƴan'uwana malamai da iyayen yara, tunda lokacin ya sake zagayowa.

Autanmu ɗalibina ne. Farkon fara aikina an tura ni ƙauyenmu a yankin Buza, na koyar da shi a aji na CM1, a gida ya ce mini Yaya, a aji ya ce mini Mushe. Yaro ne mai kai, amma bai yi nisa a kwaleji ba. Da ya tasa, sai ya bi hanyar da samarin Adar suka saba bi in an gama girbi: Tawa, Agadas, Arlit, Asamaka, ya tsallaka zuwa Tamanrasat ta Aljeriya. Ya yi dako, ya yi leburan magina, daga baya Allah ya haɗa shi da wani ɗan kwangila mai aiki a cikin duwatsu, nesa da gari. Aikinsa gadi da dafa abinci.

Abin da yake gadi shi ne wani ɗaki mai taya, irin wanda ake ɗaura wa mota ta ja, su can karaban suke ce masa. Auta ya sha kwatanta mini shi har na ji kamar na shiga. Ciki akwai gado, da wurin girki, da ɗan bayi. A ƙarƙashinsa akwai tankin ruwa, da ƙaramin inji mai turo ruwan sama, da siraran tiyo kamar yatsa da suka bi ta ƙasan dabe suka ɓullo a famfo. Akwai kuma wata ƴar tukunyar ƙarfe mai ɗumama ruwan wanka. Motar tanki ke kawo musu ruwa daga gari, ba kullum ba. Ga yaron da ya tashi yana bin jaki zuwa rijiya, wannan ɗaki aljannar duniya ce: ka murɗa, ruwa ya zubo.

Wata rana cikin Janairu maigidan zai sauka gari ya yi kwana uku. Kafin ya tafi ya kira Auta, ya durƙusa ya nuna masa wani murfi a gindin tankin. Ya ce da la'asar ya kwance shi, ya tsiyaye ruwan duka a ƙasa, ya bar kowane famfo a buɗe, ya riƙa shan na jarkunan da ke cikin ɗaki. Auta ya ji sarai, ba matsalar harshe ba ce. Ya ce to. Maigida ya tada mota, bai faɗi dalili ba, shi kuma bai tambaya ba.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya yi wa yaron adalci. Mu mutanen tudun Adar, akwai abin da aka ɗora mu a kai da ya wuce tattalin ruwa? A ƙauyenmu in bazara ta yi, mata kan kwana a bakin rijiya suna jiran ruwa ya taru. Innarmu da ruwan da ta wanke hatsi take shayar da tumaki. Auta ya sha dundu don ya ɓarar da rabin moɗa. Sai ga shi a tsakiyar hamada, inda ruwa da mota yake zuwa, an ce masa ya buɗe tanki kusan cike ya shayar da yashi. Ya ce ya je har ya kama murfin, hannunsa ya ƙi. Sai ya raya a ransa: ko gwada ni yake yi, ko kuwa almubazzaranci ne irin na masu kuɗi. In ya dawo ya tarar da ruwansa lafiya, ai godiya zai yi. Ya bar tankin yadda yake, ya rufe kowane famfo gam don kada ko ɗigo ya zuba. Jarkarsa ta tafiya, wadda aka ɗinke da buhu tun daga gida, ya yayyafa mata ruwa kamar yadda ya saba, ya ajiye ta a waje, ya shiga ya ƙudundune.

Ya ce bai taɓa jin dare irin wannan ba. Ba iska sosai, sama garau, taurari kamar ka miƙa hannu, amma sanyi na shiga har ƙashi. Da asuba ya murɗa famfo don alwala, shiru. Ya kunna injin, ya yi gurnani ya mutu. Ya fita wajen jarkarsa, ya tarar buhun ya sandare kamar busasshiyar fata, da ya girgiza ta sai ya ji wani abu na ƙwanƙwasar cikinta. Ya leƙa, ƙanƙara. Abin ya ba shi dariya ma, ya ce ga abin da muke saye da kuɗi a watan azumi, nan kyauta ake yinsa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da hantsi ya dubi ludayi, rana ta fara dukan ɗakin, sai ya ji ɗis, ɗis, daga ƙasa. Ya kwanta ya leƙa. Wata gwiwar ƙarfe da ta haɗa tiyo biyu ta tsage, ruwa na fita. Can kuma injin na zubarwa ta gefe. Cikin ɗaki, ƙarƙashin wurin girki, tukunyar ɗumama ruwa ta dare a ɗinkinta. Ya tara tukunya, ya tara bokiti, ya ɗaure da tsumma, ya ɗaure da roba. Kafin la'asar, ruwan da ya ƙi zubarwa ya zube da kansa, ya kuma tafi da kayan mutane.

Maigida ya dawo, aka yi abin da aka yi. Bai kore shi ba, amma ya zare kuɗin gyara daga albashinsa, wata biyu cur. Kuɗin kuwa da su muka yi niyyar sake rufin ɗakin Inna kafin damina. Da Auta ya samu shigowa gari ya kira ni. Bayan gaisuwa sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wai ruwa yana fasa ƙarfe?"

Na ce, "Sosai ma, in ya daskare. Ai na koya muku."

Ya ce, "A'a, Yaya. Ka koya mana yana daskarewa a digiri sifiri." Ya maimaita mini jimlar da Faransanci, tsaf, yadda na sa su haddace ta shekaru da suka wuce. Ya ce, "Amma ba ka ce mana yana ƙara girma ba."

Daren nan na buɗe akwati na zaro tsofaffin littattafan shirya darasina. Na samu shafin. Halayen ruwa guda uku: ruwa, tururi, ƙanƙara. Na zana buta tana tafasa, na zana wani abu mai kusurwa huɗu na ce ƙanƙara ce. Ga jimlar da za a haddace, an ja mata layi da jan biro. Maganar girma babu ita. Kuma ba don ban sani ba, an koya mana a makarantar horon malamai. Na dai ga ba ta da amfani ga ɗan Buza. Yaron ya riƙe abin da na ba shi daram. Abin da na hana shi ne ya ci shi.

To ga abin da na tsallake. Kusan kowane abu in ya yi sanyi tsukewa yake yi. Man shanu, man gyaɗa, dalma, duk in sun daskare sun fi ƙanƙanta. Ruwa ne ya fita daban. Yana tsukewa har zuwa digiri 4, daga nan ya fara buɗewa, in ya zama ƙanƙara sai ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Wato lita 11 ta ruwa tana neman wurin lita 12. Shi ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa ba ta nutsewa. In ba a ba ta wurin ba, ita za ta nema da kanta, kuma ba ruwanta da cewa abin da ya tare ta roba ne ko tagulla ne. A duwatsun can, ruwan da ya shiga tsaga ya daskare, shi ke ɓantare dutse a hankali.

Wani abin da ni kaina sai daga baya na gane: sau da yawa tiyo ba ya fashewa a daidai inda ƙanƙarar take. Ƙanƙarar toshewa take yi kamar marfi, tana ƙaruwa tana matsa ruwan da ya rage tsakaninta da famfo. In famfon a rufe yake, ruwan ba shi da mafita, sai ya nemi inda ya fi rauni, galibi mahaɗa ko gwiwa. Ka ga ke nan rufe famfo gam da Auta ya yi don tattali, shi ne ya ƙarasa aikin. Ɓarnar kuma ba ta bayyana sai an narke, don ƙanƙarar da ta fasa ita ce ta toshe tsagar.

Yaro zai tambaya, yaya za a yi hamada, inda muka sani da ƙuna, ta daskarar da ruwa? Dalili biyu ne. Na farko tudu. Madawa ba ta kai mita 400 daga doron teku ba, Tamanrasat kuwa tana kusan mita 1,400, duwatsun Ahaggar da ke bayanta sun doshi mita 3,000. Kowane mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6. Na biyu bushewa. Gajimare da laimar iska su ne bargon ƙasa. Inda babu su, zafin da yashi ya sha da rana sai ya tsere sama da dare, ba mai tare shi. Ba sai an fita ƙasarmu ba ma: a tsaunin Bagzan na Azbin, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 2,000, ruwa kan daskare da hunturu. A watan Disamba na 2016 har dusar ƙanƙara ta rufe tudun yashin Ain Sefra a Aljeriya, hotunan suka zagaya duniya.

Wanda ya koya wa Auta abin da na kasa shi ne wani dattijo Ba'azbine, direban motar tankin da ke kawo musu ruwa. Bai taɓa zama a aji ba. Da ya ji abin da ya faru bai yi masa dariya ba. Ya ce, "Ɗana, laifin na wanda ya ba ka umarni bai ba ka dalili ba." Sannan ya shiga da shi ƙarƙashin ɗakin suka kwanta rigingine, ya bi da shi tiyo ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce in za a bar ɗaki ba wuta, ba mutum, to ba abin da ya kai a fitar da ruwan. Amma ba dole a shayar da yashi ba, a juye a jarkuna a shigar ciki. (Da Auta ya faɗa mini wannan sai da na dafe kai. Mafitar tana nan kusa, ba wanda ya ambata ta.) A kwance murfin da ya fi kowanne ƙasa, a buɗe duk famfuna don iska ta shiga ta kori ruwan. A tsiyaye tukunyar ɗumama ruwa daban, tana da nata murfin. A kunna injin ɗan lokaci kaɗan ya fitar da na cikinsa. Sannan a hura tiyo da iska, ko da abin hura taya ne, a hankali, domin duk inda tiyo ya lanƙwasa ruwa na kwanciya, kuma cokali guda ya isa fasa gwiwa. Har lanƙwasar da ke ƙarƙashin wurin wanke kwanuka ya nuna masa.

In kuwa ana zaune a ciki ana amfani da ruwan, to aikin ya zama na riƙe ɗumi. Siririn tiyo shi ke fara daskarewa, babban tanki yakan daɗe, kamar yadda shayi a ƙaramin kofi yake rigan na buta hucewa. Don haka tiyon da ke waje shi ake fara cirewa da yamma, a zazzage shi, a rataye. Wanda ba ya ciruwa a naɗe shi da tsumma ko buhu, a rufa da leda don kada ya jiƙe. Da dare a buɗe ƙofofin kabad ɗin da tiyo ya bi ta cikinsu, ɗumin ɗaki ya kai gare su. In ruwa ya wadata, a bar famfo yana ɗiga kaɗan a cikin bokiti, don matsin ya samu hanya. Jarka kuma kada a cika ta har baki, a bar mata wurin lumfashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar gindin ɗakin. Tunda a kan taya yake, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa duk dare tana kwashe ɗumi. Dattijon ya sa suka kewaye gindin da tsofaffin kwanon rufi da kwali, suka tara yashi a jikinsu. Da na ji haka na ce ai wannan aikinmu ne. Duk ɗan Buza ya san layukan itatuwan dogon yaro na fadamar Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE don su karya iskar da ke cin gonaki. Duk matar da ta kewaye madafarta da zana ta san hikimar. Ilimin yana hannunmu, ba a dai taɓa haɗa mana shi da sanyi ba.

Sai buhun jarka. Dattijon ya taɓa shi ya ce, "Wa ya ce ka jiƙa?" Auta ya ce haka muke yi a gida. Gaskiya ne, kuma daidai ne a gida. Jiƙaƙƙen buhu in iska ta buge shi, ruwan da ke bushewa yana jan zafi daga jarka, yadda randa da salka suke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafo. Dabarar zafi ce. A daren da sanyi ya kusa sifiri, ita ce kuma ke taimaka wa ƙanƙara. Busasshen buhu bargo ne, jiƙaƙƙe kuwa mafici. Buhu ɗaya ne, aiki biyu masu karo da juna.

In an riga an makara tiyo ya daskare, ya ce a buɗe famfo, a riƙa ɗora tsumma mai ɗumi daga wajen famfon ana bi baya. Kada a kusanto da wuta. Roba narkewa take, ga kuma tukunyar gas a kusa.

Akwai abu biyu da nake roƙon iyaye su riƙe ko sun manta sauran, don su ba dukiya suke ci ba, rai suke ci. Direbobinmu sun saba zuba wa lagireto ruwa zalla. A can arewa wannan na iya fasa injin mota a dare ɗaya, shi ya sa suke gauraya wani ruwan magani mai launi da ke hana daskarewa. Ruwan nan guba ne, yana kashe ƙoda, kuma zaƙi gare shi. Kada a zuba shi a tankin ruwan sha, kada a ajiye shi a kwalbar lemo inda yaro zai gani. Akwai wani iri daban da ake yi don tiyon irin waɗannan ɗakuna, shi ma sai an wanke shi tas kafin a sha ruwan. Na biyu gawayi. Wanda sanyi ya dama ya shigar da garwashi ɗaki ya toshe ko'ina, yana iya barcin da ba farkawa, hayaƙin da ke kisan ba shi da wari ba shi da launi. Wannan kam ba sai an je Aljeriya ba, a ɗakunanmu ma yana faruwa duk hunturu.

Yanzu in na zo darasin halayen ruwa, ba na farawa da allo. Akwai wani mai shago kusa da lakwal ɗinmu da ke da firiza, na roƙe shi aron kusurwa guda. Muna cika kwalbar roba zuwa rabi, yaro ya ja layi da biro daidai bakin ruwan. Muna cika ta gilashi har baki, mu ɗaure murfinta, mu sa ta cikin leda biyu. Washegari mu je ɗauka gaba ɗayanmu. Ta roba, ƙanƙara ta haye layin. Ta gilashi kuwa, ni kaɗai nake buɗe ledar, su leƙa su ga ta dare. Shirun da ajin yake yi a lokacin, ban taɓa samun irinsa da hadda ba. Bara wata yarinya ce ta katse shi, ta ce, "Mushe, ashe shi ya sa ledar ƙanƙarar da Innata take sayarwa take yin tumbi!" Shekara nawa tana ganin abin, ba wanda ya ce mata ilimi ne.

Daga nan mu naɗe kwalabe biyu, ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya da busasshe, mu rataye a inuwa inda iska ke bi. Kafin a tashi kowa ya zo ya taɓa. Sannan in ba su labarin Auta, da izininsa. In na kai wurin da hannunsa ya ƙi kwance murfin, nakan tambaye su, ku da me za ku yi? Kusan duka sukan ce su ma ba za su zubar ba. Na fi son wanda zai ce, ni da na tambayi maigidan dalili. Yakan samu, ɗaya ko biyu.

Wani abokin aikina ya yi mini ƙorafi. Ya ce manhaja ta cika, ba a tambayar wannan a jarrabawa, kuma kamar ina share wa yara hanyar ci-rani ne. Na fahimce shi, ni ma ba na son su tafi. Amma na taɓa cewa a aji, duk wanda ubansa ko wansa yake Aljeriya ko Libiya ya ɗaga hannu. Waɗanda ba su ɗaga ba sun fi sauƙin ƙirgawa. Abin ba yau ya fara ba. Lokacin da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da tallafin Italiya, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan itatuwa, don maza da yawa suna can. Yin shiru a kan sanyin Tamanrasat ba zai tsare kowa a gida ba. Zai dai sa ya isa can da abin da Auta ya isa da shi. Kuma ba ƙauyanci ba ne: a Fabrairun 2021 sanyin da ba a saba ba ya afka wa jihar Texas ta Amurka, bututai suka farfashe a gidaje, miliyoyin mutane suka rasa ruwan sha mai kyau na kwanaki. Su ma zafi suka sani.

Wani yaro a ajina ya roƙe ni in maimaita bayanin da Hausa a hankali, ya ɗauka a wayar wansa, wai zai tura wa babansa ta WhatsApp. Na maimaita. Da na kai wajen gawayi ya ce in sake faɗa.

Rufin ɗakin Inna sai da ya ƙara damina guda yana yoyo kafin mu gyara shi. Auta ya dawo, ya yi aure, ya yi noman albasa shekara biyu, bana kuma ya ce zai sake komawa. Makon jiya na je ƙauye sallama. Da asuba na tarar Inna ta fito da jarkarsa, ta sake ɗinke buhun da ya yage, ta cika ta taf, ta ɗauko moɗa za ta jiƙa.

Auta ya ce, "Inna, bar shi busasshe. Can dare ne abin tsoro." Ya karɓi jarkar, ya buɗe, ya rage kamar moɗa biyu ya mayar cikin randa.

Inna ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Yau kuma ɗan hamada ake rage wa ruwa? Kai malam, haka boko ya ce?"

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ba ta ce komai ba. Da ya shiga ɗaki ɗauko jakarsa, na ga ta tsoma yatsu a moɗa ta ɗan yayyafa wa kusurwar buhun, tana motsa baki.